Neman Labarin Saki A Tsofaffin Littattafan Alƙalai

A Tudun Jukun, nan cikin Tudun Wadan Zariya, akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu wadda mijinta ya rasu ya bar gida guda da 'ya'ya ɗaki biyu. Ba zan faɗi sunanta ba, gama abin da ya same ta ba irin abin da mutum ke so a yi ta yayatawa ba ne. Tana cikin takaba, ko sadakar arba'in ba a yi ba, sai manyan 'ya'yan mamacin, watau na ɗakin uwargida wadda ta riga shi rasuwa, suka aiko mata da magana, wai in an zo rabon gado kada ta sa rai da tumuni, don sun ji daga bakin gwaggonsu cewa tun suna yara alƙali ya raba aurenta da ubansu, zaman da ta yi a gidan duk zaman 'ya'ya ne kurum.

Tumunin gida a Tudun Jukun yau ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma ba shi ya hana tsohuwar barci ba. Masu maganar ba su lura ba, ko kuwa sun lura suka yi kamar ba su lura ba, cewa autanta an haife shi shekaru bayan lokacin da su ke faɗi. In maganarsu ta tabbata, ba rabon uwar kaɗai ya tafi ba, har da asalin ɗan. Ta aiko aka kira ni, don ta san na yi aikin malanta na saba da takarda, ta ce mini lalle ta taɓa kai ƙarar marigayin gaban alƙali tun tana da ƙuruciya, ba ta musu, amma ba a raba su ba. Ta ce, "Malam, ai alƙali ya rubuta. In littafin yana nan duniya, a nemo mini shi."

Ku malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ku ne a kan tasa gaba da irin wannan aike, don jama'a sun ɗauka duk wanda ya riƙe alƙalami ya san hanyar ko wane ofis. Ni ma haka aka ɗauke ni, alhali kuwa ban san inda zan fara ba. Sabo da haka na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, ko ya rage wa wani wahala.

Ba ko wane saki ke shiga littafi ba

Abin da mai nema zai fara tambaya shi ne yadda auren ya mutu, gama a ƙasar Hausa yawancin saki ba ya zuwa gaban alƙali ko kaɗan. Miji ya kan furta da baki, ko ya yagi takarda ya rubuta ya miƙa wa matar ko waliyyinta, ta tafi gidansu ta yi idda, shi ke nan. Irin wannan takardar sakin in ta wanzu, a ƙasan akwatin matar za a same ta, ko cikin gafakar ubanta. Wanda ya tafi kotu nemanta ya ɓata takalminsa a banza.

Wanda ke shiga littafi shi ne wanda aka yi gardama a kansa, kuma sau da yawa mace ce ke kai ƙara. Wata ta ce tana so ta fanshi kanta ta mayar da sadaki, watau hul'i. Wata ta ce miji yana cutarta, ko ba ci ba sha ba sutura, ko ya yi tafiya shekaru ba aike ba labari. Wata kuwa ta ce ya sake ta, shi ya ce bai saka ba, ko ta ce uku ne, shi ya ce ɗaya ne. Akwai kuma bazawarar da za ta yi sabon aure a garin da ba a san ta ba, sai ta je alƙali ya ba ta takardar shaida cewa ba igiyar kowa a kanta. Shi ya sa in ka buɗe littafin alƙali na da, za ka tarar shafi bayan shafi maganar mata ce, matan da watakila ba wani wuri a duniya da aka taɓa rubuta sunansu sai nan.

Sanin irin sakin ba ƙaramin abu ba ne, don hukuncin ya bambanta. A mazhabar Maliku da alƙalanmu ke bi, matar da aka yi wa saki ɗaya ko biyu na kome, in miji ya mutu tana cikin idda, tana da gado. Hul'i kuwa yana yanke igiya nan take, ba kome sai da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. Wanda ya saki matarsa yana cikin ciwon ajali, ya mutu a ciwon nan, tana gadonsa ko da iddarta ta cika. Ka ga kalma guda a littafi, da kwanan wata guda, su ke juya rabon gida dungum.

Waɗanda suka yi auren rajista bisa dokar Gwamnati, kamar waɗansu 'yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari, hanyarsu dabam ce. Tun dokar 1970, Babbar Kotu kaɗai ke kashe irin wannan aure, kuma takarda biyu ta ke bayarwa, ta fari ta wucin gadi, ta biyu kuwa mai yankewa, wadda ta kan biyo baya bayan wata uku. Mutum ya riƙe ta farin yana tsammanin ya gama, alhali ta biyun ita ce shaida.

Wace kotu, kuma wa ya gaje ta?

Ga inda aikin ya ke. Ba wani ofis guda, ko a Zariya ko a Kaduna, da aka tara sunayen dukan waɗanda alƙalai suka raba. Littafi yana wurin kotun da ta yi shari'ar, ko wurin wadda ta gaje ta, kotunan kuwa sun sake hannu da suna ba sau ɗaya ba.

Alƙalai dai suna nan tun kafin Turawa. A birnin Zazzau ban da Alƙali akwai Salanke, shi ma sarauta ce ta malamai masu shari'a, sa'an nan ga majalisar Sarki a bisansu. Da Turawa suka zo, Gwamna Lugga ya yi dokar kotunan ƙasa a 1900, ya sake ta a 1906, aka ba ko wane alƙali takardar izini, aka ce ya riƙa rubuta shari'unsa don Razdan da Di'o su riƙa dubawa. Daga baya aka kasa kotunan aji huɗu, A da B da C da D, gwargwadon ikonsu. Da aka kafa Baitulmali aka yanka wa alƙalai albashi, sai kuɗin ƙara ya zama na En'e, tilas a rubuta wanda ya biya da abin da ya biya. A ganina wannan shi ya fi kome tsare mana littattafan nan. Ba don son tarihi aka rubuta sunan ko wace mai ƙara ba, don kada sisin Baitulmali ya ɓace ne, amma ga shi mu muka ci moriyar abin.

Kada wani ya ce takardun wancan zamani duk sun hallaka. A Kano an sami littafin majalisar shari'a ta Sarki Abbas na 1913 da 1914, da Larabci, har wani Ba'amurke masanin tarihi, Allan Christelow, ya zaɓi waɗansu shari'u daga ciki ya fassara ya buga a 1994. In na zamanin Abbas ya rayu, na zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru ko Aminu bai kamata a fid da rai da shi ba tun ba a nema ba.

A 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi sabuwar dokar kotunan En'e, a 1960 kuma aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna. Babban canjin da mai nema zai riƙe shi ne na ran 1 ga Afrilu 1968, sa'ad da Gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta rushe kotunan Sarakuna, ta mai da na alƙalai Kotunan Yanki a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta Jiha. Ita En'e ɗin kanta gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe ta sarai. Sa'an nan a ƙarshen 2001 Jihar Kaduna ta ajiye Kotunan Yanki, ta kafa Kotunan Shari'a da Kotunan Al'ada a madadinsu. Sabo da haka shari'ar da aka yi a gidan alƙalin En'e a 1958, ko a Kotun Yanki a 1985, Kotun Shari'ar da ke zaune a wannan wuri yau ita ce ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa. A tuna kuma da cewa har 1987 Katsina da Kaduna Jiha guda ce, wanda aka raba aurensa a Funtuwa ko Malumfashi kafin wannan shekara, yanzu sai ya nufi Jihar Katsina.

Ba mu kaɗai ke da wannan wahala ba. A Amurka akwai gundumomi fiye da 3,000, ko wace da kotunta da magatakardanta, wanda bai san gundumar da aka kashe auren kakansa ba ya kan yi ta bilinbituwa kamar yadda mu ke yi. A Ingila, inda aka kafa kotun kashe aure da dokar 1857, an adana kusan dukan fayilolin daga 1858 zuwa 1937, amma na bayan nan kaɗan aka zaɓa aka ajiye, aka hallaka saura. Masar ce ta ɗaure abin tun daga tushe, dokarta ta 1985 ta tilasta wa wanda ya yi saki ya je a rubuta a hukumance cikin kwana 30.

Mu komo ga tsohuwarmu. Ni da na ɗauka kotun da ke kusa da mu za mu je, ashe sa'ad da abin ya faru ba a Zariya su ke zaune ba. Marigayin malamin gona ne, an tura shi wani gari a ƙasar Zazzau, a can ta kai shi ƙara. Da ban tambaya ba da mun yi mako muna tonon rijiya inda ba ruwa.

Shekara da suna

Littafin alƙali ba shi da jerin sunaye bisa abacada. Kullum a kan rubuta shari'un ranar bi da bi, in littafi ya cika ko shekara ta juya a ɗauko sabo. Wanda ya je ya ce wa magatakarda, "Wajen shekara hamsin ke nan," ya ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Tilas ka kai masa shekara, in da hali har da wata.

Tsofaffi ba su riƙe lambar shekara, amma suna riƙe da abin da ya faru, sai ka bi da su ta nan. Zuwan Sarauniya Kaduna 1956 ne. Rasuwar Sarki Ja'afaru 1959, ta Sarki Aminu 1975. Rasuwar Sardauna Janairun 1966. Komawar motoci hannun dama Afrilun 1972, kuɗin Udoji farkon 1975, rasuwar Murtala Fabrairun 1976. Na yi ta jera wa tsohuwar waɗannan tana girgiza kai, can sai ta ce ita dai abin da ta tuna shi ne da sulalla ta biya kuɗin sammaci, ana tsananin hunturu, alƙali ya ce su dawo bayan Babbar Salla, da suka dawo kuwa mutane na ta rigima a bakin kotu a kan sabon kuɗi. To, ran 1 ga Janairu 1973 Naira ta maye gurbin fam, Babbar Sallar shekarar 1392 ta Hijira kuwa a tsakiyar wannan Janairun ta faɗo. Ga shekara, ga wata, daga bakin wadda ba ta taɓa shiga aji ba.

Tsofaffin littattafai da yawa da Larabci su ke, da kwanan watan Hijira, sai daga baya Hausar boko ta yi rinjaye. In ka sami shekarar Hijira kana son ta Turawa, ɗebe uku daga ko wane ɗari, ka ƙara 622. Misali 1380, ka ɗebe 41, ka ƙara 622, ka sami 1961, ita kuwa ta fara a tsakiyar 1960 ta ƙare a tsakiyar 1961. Lissafin ba ya kuskure da fiye da shekara guda.

Suna ma wani tarko ne. Wadda duk unguwa ta sani da Binta, a littafi Fatsima ce, Indo kuwa A'ishatu, Garba Abubakar, Audu Abdullahi. Wata sunan rana ta bayar, Ladi ko Talatu, don kunyar faɗin sunan yanka a gaban maza. Sai ka tafi da duk sunayen da aka taɓa kiran matar da mijin, da sunan uban ko wannensu, da na waliyyi, da na mai unguwa, gama sau da yawa ta wurin sunan waliyyi a ke gane shari'ar.

Yadda a ke karɓar kofe

Sai ka rubuta takarda zuwa ga magatakardan kotu, wanda a ke kira rajistara, ka faɗi ko kai wane ne, da dangantakarka da masu shari'ar, da dalilin nema. Kada ka ji haushi in an tsananta tambaya. Cikin littattafan nan akwai asirin ɗakin mutane, abin da mace ta faɗa wa alƙali wanda ko uwarta ba ta faɗa wa ba, bai kamata a buɗe wa duk wanda ya shigo da son jin gulma ba. Mai shari'ar da kansa, ko magajinsa, ko wakilin da ya riƙo takardar wakilci, su ne a ke saurara. Duk abin da ka biya kuwa ka karɓi rasit.

Hoton da ka ɗauka da wayarka ba shaida ba ne. Sashi na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya bayyana irin kofen da kotu ke karɓa: jami'in da ke riƙe da littafin shi zai ba da shi bayan an biya kuɗin da aka ƙayyade, ya rubuta a ƙasa cewa kofe ne na gaskiya, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, ya buga hatimi in ofishinsa mai hatimi ne. In ɗaya ya rasa, lauyan abokin gaba zai sa a yar da takardar. Irin wannan kofen ne kuma ofisoshin jakadanci da masu biyan haƙƙin mamaci ke nema. In kuwa an riga an shiga shari'ar gado, hanya mafi sauƙi ita ce a roƙi alƙalin da ke shari'ar ya rubuta wa waccan kotu da kansa, don takardar alƙali ta fi ta talaka saurin tafiya.

In littafi ya ɓace, akwai sauran ƙofofi. Shari'ar da aka ɗaukaka, an kofe ta an aika kotun sama, ana iya samunta a can. Abin da ya shafi zamanin En'e kuwa, sai a gwada Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Titin Yakubu Gowon a Kaduna, reshen hukumar da Dokta Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954. Fayilolin ofishin Razdan na Lardin Zazzau suna can da alamar ZARPROF, cikinsu har da wasiƙun da suka shafi kotuna da koke-koken da aka kai wa Di'o. Ga kuma Arewa House, gidan Sardauna na da, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mai da wurin ajiyar tarihi a 1970. Amma rashin samun takarda ba ya nuna an yi saki ko ba a yi ba. A shari'a aure yana nan bisa asalinsa sai an tabbatar da mutuwarsa, wanda ya ce ya mutu shi zai kawo shaidu. Na gaya wa tsohuwar haka tun farko, cewa nauyin hujja a kan 'ya'yan mijinta ya ke. Ta ce ta ji, amma ita ba alƙali kaɗai ta ke so ya gamsu ba, har da matan unguwa.

Muka tafi garin ni da autan nata. Magatakardan yaro ne, ba a haife shi ba sa'ad da aka yi shari'ar, amma ya karɓe mu da mutunci, ya sa masinja ya buɗe mana sito. Abin da na gani a ciki ba zan ɓoye ba: littattafai jibge a ƙasa ba kanta, waɗansu gara ta ci rabinsu, waɗansu ruwan rufi ya manne su sun zama kamar tubali, ga kekunan shaida da buhunan kayan gardama an ɗora a kai. Kwana biyu muka yi muna ɗagawa muna kaɗe ƙura kafin littafin 1972 ya fito, bangonsa ya tafi amma cikinsa lafiya.

Can wajen ƙarshensa muka sami sunanta na yanka da na ubanta. Autan na karantawa hannunsa na rawa, gama abin da ke shafin bai yi mana daɗi ba. An rubuta cewa ta nemi hul'i, mijin ya ce in ta mayar masa da sadakinsa zai sake ta, alƙali ya ba ta lokaci ta kawo kuɗin bayan Salla. Iyakar abin da ke wurin ke nan. Ashe gwaggon ba ƙarya ta ƙaga ba, rabin labari ta riƙe. Da mun karɓi kofen wannan shafi kaɗai mun koma da shi, da mun kai wa abokan gardama makami da hannunmu.

Magatakardan ne ya ce, tun da an ɗaga shari'ar zuwa bayan Salla, Salla kuwa ta faɗa cikin sabuwar shekara, ƙarshen maganar yana littafin 1973. Muka koma sito. Sai da la'asar ta kwana na uku muka same shi a ƙarƙashin wani tulin fayil, ga lambar ƙarar nan a gefen shafi, da rubutun wani hannu dabam. Layi biyar ne kurum. An rubuta cewa waliyyin matar ya zo tare da mijin da ita kanta, sun ce manya sun shiga tsakani an sasanta, ba ta biya kome ba, shi kuma bai furta kome ba, ta janye ƙararta, alƙali ya sallame su a kan aurensu.

Muka biya aka yi mana kofen shafukan biyu a haɗe, aka sa hannu aka buga hatimi. Ran Jumma'a bayan an sauko masallaci aka tara 'ya'yan duka a zauren gidan, limamin unguwa ya karanta tun daga shafin fari har na biyu. Babban ɗan ya karɓa ya duba hatimin, ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya tashi ya shiga cikin gida ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, a gafarce mu." Ba a kai maganar kotu ba, aka raba gado aka fitar mata da tumuninta. Kofen kuwa ta sa aka ƙara yin guda biyu, ta ba autan ɗaya, ta aika wa gwaggon da ɗaya, na ukun ta naɗe shi cikin leda ta sa a ƙasan akwatinta.